Abincin Jariran Tarwada Bai Kamata Ya Dogara Da Dala Ba

Kwana uku bayan ƙyanƙyasa, ɗan tarwada ya gama cinye guzurin kwanduwar da ya fito da shi a ciki, sai ya shiga neman abin haɗiya. A wannan lokaci garin abinci bai cika yi masa amfani ba, domin cikinsa bai yi ƙwari ba, kuma abin da ke motsi yake bi. Idan bai samu ba, ko dai ya mutu, ko ya far wa 'yan'uwansa, tunda tarwada tun tana ƙarama take cin junanta. A 'yan kwanakin nan ne mai ƙyanƙyasar kifi yake yin riba ko ya tafka asara.

Abin da yawanci ake dogara da shi a Najeriya shi ne atimiya, wani ɗan mitsitsin jatan lande da ke rayuwa a ruwa mai tsananin gishiri. Busasshen ƙwansa ake sayarwa a gwangwani, kamar garin ƙasa ja-ja, kuma giram ɗaya kan ƙunshi ƙwai sama da 200,000. Ana zuba shi a ruwan gishiri, a sa masa iska da haske, bayan kimanin awa 24 ya ƙyanƙyashe. Babu mai musun ingancinsa.

Matsalar ita ce inda yake fitowa. Kaso mai tsoka na ƙwan da duniya ke amfani da shi daga Babban Tafkin Gishiri na jihar Yuta a Amurka ake kwaso shi, tafkin da a Nuwamban 2022 ya ja baya fiye da yadda aka taɓa aunawa. Ga kuma canji: dalar da take kusan naira 460 a hukumance kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a 2024. Mai ƙyanƙyasa a Kano ko Zariya ba shi da ta cewa a duka biyun, nasa biya ne kawai.

Alhali kuwa akwai moina, wata ƙaramar halitta ta ruwan daɗi wadda kududdufan damina ke cike da ita. Macen ba ta jiran namiji kafin ta hayayyafa, kuma cikin kwana huɗu zuwa biyar 'ya'yanta ma sun fara haihuwa. Kiwonta ba ya buƙatar na'ura mai tsada: tankin siminti ko babbar roba, busasshen kashin kaji da aka ƙulle a buhu aka jiƙa, da hasken rana har ruwan ya zama kore. Sai a zuba iri, bayan mako guda a riƙa tacewa da lallausan ƙyalle da sassafe, a ɗauraye, a ba jarirai. Tana da wani fifiko ma: atimiya kan mutu cikin 'yan sa'o'i a ruwan da ba gishiri ya ɓata shi, ita kuwa moina tana nan da rai har a cinye ta.

Aikin na son kula. Moinar da ke tanki kan mutu dare ɗaya idan taki ya yi yawa, shi ya sa masu hankali ke ajiye biyu ko uku. Dole a rufe da gidan sauro, saboda 'ya'yan mazari na cin jariran kifi. Manyan moina sun fi bakin ɗan kwana uku, don haka sai an tace ƙanana, ko a fara da atimiya kwana biyu sannan a sauya. Ko hakan ma zai rage kuɗin gwangwani sosai.

Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke New Bussa a jihar Neja ta daɗe da sanin wannan ilimi. Ma'aikatun gona na jihohi da ƙungiyoyin masu kiwon kifi su nemo tsabtataccen iri daga can, su raba wa masu ƙyanƙyasa, su kuma koyar da kiwonsa da Hausa a rediyo da wuraren horo.