Tsohuwar Kushewa Ba Rumbun Zinariya Ba Ce

Hausawa kan ce na gaba ya yi gaba, na baya sai labari. To, amma labarin mutanen da yakan iso gare mu ta hanyoyi uku: abin da aka rubuta, da abin da aka ji a bakin tsofaffi, da kuma abin da ƙasa ta adana. Hanya ta uku ita ce fagen ilimin binciken kufai, kuma ita ce muka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ra'ayina shi ne, duk tsohuwar kushewar da manomi ko mai haƙar ƙasar gini ya ci karo da ita a Kazaure ko Roni ko Gwiwa ko Ɓaɓura, barinta yadda take ya fi tone ta amfani nesa ba kusa ba.

Ba sai mun yi nisa ba wajen neman hujja. A ƙasar Mani ta Jihar Katsina, kimanin kilomita 32 gabas da birnin Katsina, akwai wasu tuddai da ake kira Durɓi ta Kusheyi, waɗanda tarihin baka ya danganta su da sarakunan Durɓawa na farko. A 1907 wani Baturen mulki, H. R. Palmer, ya tone wasu daga cikinsu a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. A 1992 kuma masana daga Jamus tare da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa suka buɗe guda uku. An tarar kowane tudu mutum ɗaya ne a tsakiyarsa, tare da kayan ado na zinariya, da mundaye na hauren giwa da na tagulla, da duwatsun wuya, da wuri, da ragowar tufa da fata. Har da wata tasa da aka ƙera a Gabas ta Tsakiya. An kai kayan birnin Mainz na Jamus aka gyara su aka yi musu awo, daga baya aka maido su gida. Binciken ya nuna an yi waɗannan kusheyi ne tsakanin ƙarni na 13 da na 16.

Mai karatu zai iya tambaya, ta yaya aka san shekarunsu? Kowane abu mai rai yana ɗauke da wani nau'in sinadarin kabon da ake kira kabon-14. Da zarar ya mutu sai sinadarin ya fara raguwa, rabinsa yana ƙarewa a duk shekara 5,730. Saboda haka ɗan guntun ƙashi ko itace ko gawayi ya isa a auna a ƙiyasta zamaninsa. Zinariya kuwa ba ta da wannan sinadari. Idan ɓarawo ya ɗauke ɗan kunne ya watsar da ƙashi da tsumman da ke gefensa, to ya ɗauki abin da ba ya magana ne, ya zubar da mai ba da shaida. Tasar Durɓi ta Kusheyi da a kasuwa aka gan ta, da tsohuwar tasa ce kawai. Ganinta a kushewar wani babban mutum, tare da wurin da ya fito daga teku, shi ya tabbatar da cewa ƙasar Hausa tana cuɗanya da ƙasashe masu nisa tun fiye da shekara 500 da suka wuce.

Ƙasar Sin, wadda ta yi fice a wannan fanni, tana da darasin da ya kamata mu duba. A 1976 an gano kushewar Fu Hao a Anyang, matar wani sarki na daular Shang wadda ta rayu fiye da shekara 3,000 da suka gabata. Da yake ɓarayi ba su taɓa ta ba, an sami ɗaruruwan kayan tagulla, wasu da sunanta a jiki, da makamai, da wuri kusan 7,000. Ashe wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi ya taɓa zama dukiya a can ma. A 1986 kuma an tono wasu ramuka a Sanxingdui, cikin lardin Sichuan, cike da fuskokin tagulla masu siffar da ba a taɓa gani ba. Wannan ya nuna cewa a nesa da fadar sarakunan da littattafai suka ambata, akwai wata al'umma mai fasaharta ta kanta.

Wannan batu na ƙarshe ya shafe mu ƙwarai. Tarihin da muke koyarwa a makarantu na manyan birane ne: Kano da Katsina da Daura. Masarautar Kazaure, wadda Ɗantunku ya kafa wajen 1819, tana zaune ne a tsakanin waɗannan birane uku. Amma shin kafin zuwansa duwatsun Kazaure da Roni babu kowa a kansu? Su wane ne suka zauna a kufan da manoma ke tsintar katanga a ciki? Me suke ci, me suke ƙerawa, da wa suke ciniki? Amsar waɗannan tambayoyi tana kwance a ƙarƙashin gonaki. Kuma tun da Musulmi ba a binne shi da komai sai likkafani, kusheyi masu kaya a ciki na wani zamani ne da ya wuce, ba za a ƙara yin irinsu ba. Duk wadda aka lalata ta tafi ke nan har abada.

Wani zai ce tone kabari abin ƙi ne a addini da al'ada, don me za a yabi masu yinsa? Wannan magana tana da nauyi, kuma ba ta saɓa wa ra'ayina ba. Masani na gaskiya ba ya gaggawar tono. Sinawa sun koyi haka da tsada: bayan da suka buɗe kushewar sarki Wanli na daular Ming tsakanin 1956 da 1958, tufafin siliki masu yawa sun lalace da iska ta buge su. Daga nan hukuma ta daina ba da izinin buɗe kusheyin sarakuna haka kawai. Ko kushewar sarki Qin Shi Huang, wadda manoma masu haƙa rijiya suka gano dakarun yumɓunta a 1974, ainihin ɗakinta yana rufe har yau. Abin da ya fi cin mutuncin mamaci shi ne ɓarawon da ke zuwa da dare da diga, kamar yadda aka wawushe mutum-mutumin yumɓu na Nok da Sakkwato da Katsina a shekarun 1990 aka sayar a Turai.

To, mene ne abin yi? Dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi a 1979 ta hana tonon kayan tarihi ba tare da izini ba, ta kuma hana fataucinsu. Idan aka ci karo da tsohuwar tukunya ko ƙasusuwa ko kashin maƙera, a dakatar da haƙa, kada a ɗauki komai, a mayar da ƙasa a rufe. Sannan a sanar da mai unguwa ko dagaci, a kai labari Gidan Makama a Kano, ko Sashen Binciken Kufai na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya.

Malamai kuma suna da aikin da ba ya bukatar kuɗi. Malamin tarihi da na labarin ƙasa za su iya sa ɗalibai su tambayi dattawan garinsu sunayen kufai da tsofaffin ganuwoyi da rijiyoyi, su zana taswirarsu a littafi, ba tare da sun saka fartanya a ƙasa ba. Makarantar da ta tara irin wannan bayani ta share wa masana hanya. Wataƙila ma a cikin ɗalibanta a sami wanda zai karanci wannan fanni, ya dawo ya rubuta wa ƙasar Kazaure babin tarihinta na farko.