Abincin Biki da Lafiyar Mai Kallo: Tsokaci a kan Bukukuwan Sallah a Birnin Kano

A watan Disamba na shekarar 2024 ne hukumar UNESCO ta sanya Hawan Sallah na Kano cikin jerin al'adun duniya da suka cancanci a adana. Wannan labari ya faranta ran duk mai kishin al'adun Hausa, ko da yake bai zo wa Bakano da wani sabon abu ba, domin shi tuni ya san cewa birninsa ba shi da wani dandalin baje kolin fasaha da ya kai ranakun hawa. Wanda ya tsaya a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe zai ga aikin dukawa a jikin sirdi da ragama, ya ga na maƙera a likkafa da linzami da takobi, ya ga na marina a kore da rawani ɗan Kura, ya ga na maɗinka a aska takwas da alkyabba, sa'an nan kunnensa ya cika da kakaki da algaita da tambari. Gaskiya ne an sami shekarun da ba a hau ba, kamar 2020 saboda annobar korona, da 2025 bisa dalilan tsaro, to amma ko a waɗannan shekaru ba a fasa ɗinki ba, ba a kuma fasa ɗora tukunya ba.

Tukunyar nan ita ce abin da wannan maƙala ta sa a gaba. Duk cikin fasahohin da ake bajewa a lokacin biki, girki ne kaɗai ba a cika kiransa fasaha ba, kuma shi ne kaɗai ake ɗora wa laifi bayan an watse. Ba a taɓa jin wanda ya ce algaita ta kwantar da shi a asibiti ba, amma sau nawa akan ji an ce wane ya sha furar bakin hanya ya kwana yana zagayawa?

Saboda haka ne masu zuwa kallo suka kasu gida biyu. Akwai waɗanda suka ɗauka cewa mai son lafiyarsa dole ne ya ƙaurace wa abincin gargajiya a wurin taro, kuma mafi yawansu 'yan boko ne. Irin wannan mutum zai yini a rana da yunwa, idan ƙishirwa ta matsa masa ya sayi lemon kwalba da biskit, yana ganin ya tsira. Akwai kuma waɗanda suka riƙe cewa Sallah biki ɗaya rana, don haka duk abin da ido ya gani sai baki ya taɓa. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, dukkansu sun kauce hanya, amma na farko ya fi yin nisa, domin shi ya yi hasarar daɗin biki, bai kuma sami lafiyar da yake nema ba.

A dubi abincin kansa tukuna. Fura gero ce da aka haɗa da citta da kanumfari da masoro da barkono, aka dama da nono. Magidancin da ya sha ƙwarya ɗaya da hantsi yana iya kaiwa la'asar bai nemi komai ba, domin gero na riƙe ciki, nono kuwa na gina jiki. Kwaɗon zogale ko na rama ganye ne da ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir, watau irin abin da likitoci ke roƙon mutane su riƙa ci, wanda mutanen karkara suke ci tun ba a san likita ba. Miyar taushe da ake zuba wa waina ko funkaso kabewa ce da alayyafo da yakuwa da gyaɗa. Ɗan wake garin wake ne da kuka. Gurasar da Kano ta shahara da ita gasa ta ake yi a tanderu, ba soyawa ba, haka ma tsire da balangu wuta ce ke gasa su, kitsen yana ɗiga yana barin naman. Zoɓo kuwa, binciken masana ya nuna cewa yana ɗan taimakawa wajen sauko da hawan jini. Wanda ya jera waɗannan a gefe guda, ya ajiye biskit da lemon kwalba a ɗaya gefen, ba ya bukatar dogon karatu kafin ya gane inda lafiya ta fi rinjaye.

To, idan haka ne, daga ina ciwon yake fitowa? Daga abin da aka ƙara wa abincin ne daga baya, da kuma abin da aka rage wa bikin.

Babban abin da aka ƙara shi ne sukari. Kafin ya wadata a kasuwa, zaƙin Bahaushe bai wuce zuma da mazarƙwaila da dabino da rake ba, kuma dukkansu ba abin da ake samu kullum ba ne. Shi ya sa alkaki da nakiya suka zama kayan gara da na Sallah, waɗanda ake ɓalla kaɗan a miƙa wa baƙo don girmamawa. Ba wai su ba su da laifi ba ne, domin alkaki ma a mai ake soya shi a tsoma a zaƙi, sai dai ƙarancinsu ne ya kare mutane daga sharrinsu. Yau kuwa sukari ya shiga fura, ya shiga kunun aya, ya shiga zoɓo, har ta kai mai zoɓon da ba ta cika hannu ba sai ta koma gida da kayanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da babban mutum zai sha a yini ya wuce kimanin giram 50, watau wajen ƙaramin cokali 12. Da yawa daga cikin lemunan kwalba suna ɗauke da kimanin giram 10 a kowace mililita 100. Ke nan gora ɗaya mai rabin lita ta cinye rabon yini kakaf. Yaron da ya shiga gida biyar yawon Sallah, kowane gida aka dire masa lemo da cincin da dublan, mai karatu ya yi lissafin da kansa. Gwamnatin Nijeriya ta sanya harajin Naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan lemuna a dokar kuɗi ta 2021, amma haraji ba ya shiga falon da uwargida ke ganin abin kunya ne ta tari baƙo da kunun tsamiya. Wannan kunya ita ce cutar ta asali. Yadda aka yi kunun tsamiya ya koma alamar rashi, ruwan sukari mai launi ya zama alamar samu, abin nazari ne ga masu binciken al'ada kafin ya zama na likitoci.

Bayan sukari sai gishiri da mai. Daddawar kalwa, wadda ita ce ke ba miya ɗanɗano a da, ta ja baya, dunƙulen da kusan rabinsa gishiri ne ya maye gurbinta, alhali kuwa hukumar da aka ambata ta ce kada gishirin yini ya kai giram 5. Da Babbar Sallah kuma akan soya nama a adana shi cikin mai, a yi ta ci safe da yamma har mako biyu, a kuma yi ta maimaita suya da man da ya riga ya yi baƙi. Ga mai hawan jini wannan ba ƙaramin haɗari ba ne.

Wanda ya fi waɗannan saurin kisa shi ne rashin tsabta, kuma a nan ne masu gudun abincin titi suke da gaskiyarsu, wadda bai kamata a danne musu ba. A shekarar 2021 cutar amai da gudawa ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe sama da 3,000, kuma Kano na cikin jihohin da abin ya fi shafa. A shekarar ne kuma aka sami rasuwar mutane a Kano, ɗaruruwa suka kwanta asibiti, sakamakon shan abin sha da aka haɗa da gurɓataccen garin ɗan tsami. Ya kamata a lura da abu guda game da wannan musiba ta biyu: ba tsamiya ce ta yi kisan ba, ba kuma lemon tsami ba, garin leda ne da aka kawo ya maye gurbinsu saboda araha. Haka nan ƙanƙarar da ake jefawa cikin fura sau da yawa ba a san ruwan da aka yi ta da shi ba. Kunun aya ba ya jure zafi, wanda aka haɗa da asuba aka bar shi a rana yana iya juyawa kafin azahar. Madarar da ba a tafasa ba kafin a kwantar da ita tana iya ɗauko tarin fuka daga saniya zuwa mutum. Tsiren da aka bari a buɗe, dawaki ɗaruruwa suna tayar da ƙura a kansa, sa'an nan aka naɗe shi a tsohuwar jarida, ba shi ne tsiren da aka yaba a baya ba.

Duk da haka, babu ko ɗaya cikin waɗannan da ya wajabta wa mai kallo yin azumi ranar Sallah. Abin da suke nema a gare shi lura ce kawai. Ya ci abin da aka sauke daga wuta a gabansa, kamar waina daga tanda ko tsiren da aka mayar kan garwashi ya yi zafi. Ya sa a dama masa fura yana tsaye, ya ce a rage sukari ko a bar shi gaba ɗaya, ya kuma haƙura da ƙanƙara. Ya fito da gorar ruwansa daga gida, musamman da yake Ƙaramar Sallah ta 2024 da ta 2025 sun faɗo ne a tsakiyar bazara, lokacin da zafin Kano kan kai awo 40. Cikin da ya yi wata guda yana azumi kuma ba a yi masa lodi a yini ɗaya. Mai ciwon sukari da mai hawan jini su ma ba a kore su daga biki ba, ga kwaɗo ga gasasshen nama ga zoɓon da ba a sa wa zaƙi ba, sai dai kada murna ta sa su manta da maganinsu da gargaɗin likita.

Abin da aka rage wa bikin kuwa shi ne tafiya. Bisa al'ada, Sarkin Kano da ƙafa yake zuwa filin Idi na Ƙofar Mata, sai a dawowa ne yake hawa doki. Talakawa kuwa da ƙafa suke zuwa, da ƙafa suke komowa, su bi hawa daga unguwa zuwa unguwa, washegari su fito Hawan Daushe, su sake fitowa Hawan Nassarawa, su raka na Ɗorayi ko na Fanisau. Da Takutaha, mako guda bayan Mauludi, yara da manya kan hau Dutsen Dala su sauko. Masana lafiya sun ce babban mutum na bukatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, mai bin hawa da ƙafa kuwa yakan cika wannan a yini ɗaya bai sani ba. Wainar da ya ci da safe ta ƙone kafin ya ga 'yan lifida. Yanzu da yawa sun gwammace su shiga adaidaita sahu daga ƙofar gida zuwa ƙofar gida, wasu ma a kan kujera suke kallon hawan ta cikin waya, faranti a gefe. Abincin da aka tsara don mai yini a tsaye, mai yini a zaune ne yake cinsa. Ban da haka ma, wanda bai taka da ƙafa ba bai ga bikin ba. Mota ba ta ratsa lungunan Kasuwar Kurmi, ba ta kuma tsayawa mutum ya dubi zanen da ke jikin tsohon soro, ko ya leƙa karofin Ƙofar Mata da ake cewa an kafa tun 1498.

Akwai kuma nauyin da ya wuce ƙarfin mai kallo shi kaɗai. Ana kashe watanni ana shirin dawaki da kayan ado da wurin zaman manyan baƙi, amma matan da za su ciyar da dubban mutanen da suka taru ba a tuna da su sai an zo korarsu daga bakin hanya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Da hukumomin da abin ya shafa za su keɓe musu rumfuna nesa da ƙurar dawaki, a kai musu tankin ruwa mai tsabta da wurin wanke hannu, a sa duba-gari su zagaya tun kafin ranar, da an rage yawancin haɗarin ba tare da an raba kowa da sana'arsa ba. Kuɗin wannan bai kai na kayan doki goma ba. Baƙon da ya zo daga wata ƙasa don ganin abin da UNESCO ta yaba, gurasa bandashe yake son ɗanɗanawa, lemon kwalba kam ya baro shi a garinsu.

Ɗaliban sashen Hausa ma suna da nasu rabon. Kundayen neman digiri sun fi karkata ga waƙa da zube da wasan kwaikwayo da nahawu, kuma babu laifi a cikin haka. Sai dai tsofaffin matan da suka san yadda ake haɗa nakiya da zuma, da yadda ake kwantar da nono ya yi kindirmo, da gwargwadon tsamiyar da kunu ke bukata, suna ta ƙarewa, kuma iliminsu a ka yake kamar na maroƙa da makaɗa. Ɗalibin da ya ɗauki rakoda ya tafi gidan mawaƙi yana iya ɗaukarta ya shiga madafi, ya tambayi sunan kowane abu, da ma'auninsa, da lokacin da sukari ya fara shiga cikinsa.