Jakunan Blackpool

Duk wanda zai kai iyalinsa bakin teku a Ingila, ya tafi da rigar sanyi. A Blackpool, ko a watan Agusta ruwan sanyi ƙarara ne, iska kuma ba ta raga wa kowa. Amma sai ka ga uwa ta shimfiɗa bargo a rairayi, kaka ta duƙunƙune da kofin shayi, yara na haƙa rami da 'yan bokitai, haƙora na kaɗawa. Ni dai abin yana burge ni: ba sa jiran gari ya yi daɗi kafin su fita tare. Gado ne. Tun ƙarni na 19 jiragen ƙasa ke kwaso ma'aikatan masaƙun yankin Lankasha da iyalansu zuwa can hutu, hasumiyar garin mai tsayin mita 158 kuwa tun 1894 take tsaye. Jakunan bakin tekun ne suka fi ba ni dariya. Jakin da muke lafta wa mangala, can har da ƙararrawa da suna rubuce a linzami, iyaye na biyan kuɗi yaro ya hau! Sai dai a sa wa yara ido: sau biyu a yini teku ke cikowa, ya shanye rairayin har gindin katangar bakin teku.