Wasiƙar Akawu: Saƙon da Ya Rasa Hanya

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ɗan filin da ka saba ba ni, in ba 'yan'uwana akawuna da malaman makaranta labarin wahalar da ta same mu a nan ƙasar Makarfi.

Mu bakwai muka haɗa kuɗi muka sayi intanet guda. Muka kafa na'ura a kan kowane rufi, kowace tana miƙa wa maƙwabciyarta saƙo ba waya, kamar yadda magina ke miƙa wa juna tubali. Amfanin wannan shiri shi ne in hanya ɗaya ta toshe, saƙo ya bi wata.

Da damina ta sauka sai abin ya rikice. Manomi ya zo biyan kuɗin taki, ana tsakiyar aikawa sai ya yanke. Muka shiga zargin juna, har mai shagon taki ya ce a mai da masa kuɗinsa.

Ni da yake rubutu ne sana'ata, sai na buɗe littafi, kwana bakwai ina rubuta sa'ar da ya yanke da yadda gari yake. Sa'an nan muka bi na'urorin ɗaya ɗaya da saƙon gwaji. Ga abin da muka gano.

Tsarin da namu ke bi, OLSR na 2003, kowace na'ura takan yi wa maƙwabta sallama duk daƙiƙa 2. Da yawan sallamar da ta iso ake auna kyan hanya. To, hanyoyinmu biyu sun kusa kunnen doki, ɗaya kuwa ta ratsa bishiyar mangwaro. Jiƙaƙƙen ganye yana shanye saƙo. Iska ta kaɗa, hanya ta lalace. Ta lafa, hanya ta gyaru. Na'ura ta zama madugu mai zuciya biyu, ayari na watsewa a tsakani. Muka ƙara wa sandar tsawo ta wuce bishiyar.

Na biyu, batirin wata na'ura ya tsufa. In an wuni da hadari sai ta mutu ta farfaɗo, kowane karo kuwa sai sauran su sake lissafin hanya. Muka sake batir.

Na uku, tasharmu ta 6 ta cika da wayoyin jama'a. Tashoshi 1 da 6 da 11 su ne ba su shiga juna, don haka muka koma ta 11 gaba ɗaya.

'Yan'uwa na Ikara da Kudan, shawarata ita ce ku gyara abu ɗaya, ku jira kwana guda, ku rubuta, kafin ku taɓa na biyu. Wanda ya gyara uku tare ba zai san wanne ne maganin ba. Mai shagon taki dai yana nan cikinmu, shi ne ma ya sayi batirin.

Haza wassalam.

Akawu, Makarfi.