Memori Ya Cika? Koyi Ajiya Daga Manomin Mabai

Duk mai riƙe da wayar Android ya san saƙon nan da ke faɗowa a lokacin da ba a so: wurin ajiya ya kusa cika. Kana tsakiyar ɗaukar bidiyon ɗaurin aure sai kyamara ta tsaya. Abin da yawancinmu ke yi shi ne mu hau gogewa da sauri, ba duba ba tantancewa. Ɗan baffana a Mabai haka ya yi bara. Ya share ma'ajiyar WhatsApp gaba ɗaya don ya samu wuri, alhali a ciki akwai hoton sakamakon jarabawarsa ta NECO da saƙonnin murya na mahaifinsa, Allah ya jiƙansa. Sakamakon ya je kafe ya sake cirowa. Muryar kuwa ta tafi ke nan.

Ya ce da ni laifin wayar ne, gigabait 32 ta yi kaɗan. Ni ban yarda ba. Wanda ya cika 32 cikin wata shida zai cika 128 cikin shekara biyu, ya sake yin irin wannan gogewar. Abin da muka rasa shi ne tsari: sanin abin da ya kamata ya zauna a hannu, abin da za a kai ɗaki, da abin da za a ɓoye nesa.

Manyan kamfanoni sun daɗe da gane haka. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta wajabta wa bankunan Najeriya riƙe bayanan mu'amala na aƙalla shekara 5. Babu bankin da zai zuba duk wannan a na'ura mafi sauri, don ita ce mafi tsada. Sai su kasa bayanai mataki-mataki. Waɗanda ake taɓawa kullum, kamar ragowar kuɗinka, ana kiransu masu zafi, suna kan na'ura mai sauri. Na watannin baya masu ɗumi ne. Na shekarun baya masu sanyi ne, ana tura su wuri mai arha. A rumbun intanet na Amazon, ajiye terabait ɗaya a matakin yau da kullum yana cin kusan dala 23 a wata, amma a mataki mafi sanyi na Glacier kusan dala 1 ne, sai dai in kana son kayanka kana iya jiran awa 12. Facebook ma tun 2013 ya gina rumbu na musamman a Prineville da ke Amurka don tsofaffin hotunan da ba a cika buɗewa ba. Sannan suna da doka a rubuce cewa in bayani ya kai kwana kaza ba a taɓa shi ba ya sauka mataki na gaba, da rahoton da ke nuna abin da ke cin wuri.

Wannan ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu. Manomi a Mabai ba ya zube amfanin gonarsa duka a tsakar gida. Tsabar da za a daka yau tana cikin ƙwarya, buhun wata yana ɗaki, dammuna suna rumbu. Iri kuwa daban ake ɓoye shi, ko yunwa ta matsa ba a taɓawa. Mu ne muka sayi waya muka haɗa iri da dusa a ƙwarya ɗaya.

Ga yadda nake ganin ya kamata mu kasa namu.

Mataki na farko shi ne cikin wayar kanta. Manhajoji, hotunan wannan watan, karatu ko waƙar da kake saurare yanzu. Ka bar wuri a buɗe, don waya in ta cika maƙil tana nauyi, wani lokaci sabunta manhaja ma ya gagara.

Mataki na biyu shi ne katin memori ko filash da ake jonawa da kebul na OTG. Nan ne gidan finafinai, bidiyon biki da hotunan bara. Amma a kula da jabu. Akwai katin da aka rubuta wa gigabait 64, waya ma ta nuna 64, amma ainihin cikinsa bai kai haka ba. In ya cika sai fayiloli su fara lalacewa ba ka sani ba. Ranar da ka saya ka cika shi da bidiyo, ka buɗe na farko da na ƙarshe ka gani.

Mataki na uku shi ne rumbun intanet. Google na ba kowane asusu gigabait 15 kyauta, amma Gmail da Drive da Photos duk cikinsa suke ci. Tun 1 ga Yuni 2021 aka daina ajiyar hotuna mara iyaka, kuma daga farkon 2024 ajiyar WhatsApp ta Android ita ma ta shiga lissafin. Don haka wurin nan na iri ne: takardar NIN, sakamakon WAEC ko NECO, takardar JAMB, takardar gona ko fili, lambobin waya, da hotuna da muryoyin da ba za a sake samun irinsu ba. Waɗannan duka da wuya su kai gigabait ɗaya.

Wasu za su ce me ya sa ba za a ɗora komai a intanet a huta ba? Mutumin Kankara ya san amsa. A watan Satumba na 2021 an katse sabis a ƙananan hukumomi da dama na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Kankara da Faskari da Sabuwa, sai wajen ƙarshen shekara aka fara dawo da shi. Wanda takardunsa ke Google kaɗai a watannin nan, daidai yake da wanda ba shi da su. Ga kuma tsadar data, musamman bayan NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Ɗora bidiyon biki na gigabait biyu a wannan farashi ɓarnar kuɗi ce.

Wasu kuma za su ce kati ya isa. Katin da ke cikin waya tare da wayar yake tafiya, ko a ƙwace ta a hanya, ko ta faɗa ruwa, ko a bar ta wajen gudun tsira. Shi ya sa nake cewa abu mai muhimmanci ya zauna wuri biyu aƙalla: ɗaya a intanet, ɗaya a katin da ke ajiye a gida ko wajen ɗan uwa a wani gari. Kada kuma ka miƙa wannan katin ga mai gyaran waya ko masu tura finafinai. Na fim daban, na takardu daban.

Saura doka da rahoto. Dokarka ta farko: kashe saukar bidiyo da kansa a WhatsApp, don da yawa daga cikin abin da ke cika mana waya daga guruf yake zuwa, ba mu nema ba. Ta biyu: duk abin da ya yi wata uku ba ka buɗe ba, ya koma kati ko a goge. Rahoton kuwa yana nan kyauta. A saitin WhatsApp, ƙarƙashin Storage and data, ka shiga Manage storage, zai jero maka fayilolin da suka wuce megabait 5 da waɗanda aka yi ta turawa. Manhajar Files ta Google kuma tana nuna masu maimaici. Minti goma a farkon kowane wata ya isa.

Abu na ƙarshe, makullin rumbun. Da yawanmu mai shago ne ya buɗe mana Gmail ranar da muka sayi waya, ba mu san kalmar sirrin ba. In wayar ta ɓata, rumbun ya rufe da kayanka a ciki. Ka canza kalmar sirrin da kanka, ka rubuta ta a takarda ka adana, ka sa lambar da kake amfani da ita. Ka kuma riƙa leƙawa, don Google na iya share asusun da ya shekara biyu ba a shiga ba.

Hausawa sun ce ajiya maganin wata rana. Yau da daddare, kafin ka shiga TikTok, ka nemo takardunka biyar mafi muhimmanci da muryar wanda ba ka son mantawa, ka sa su wuri biyu. Sauran gyaran ya biyo baya a hankali.