Tsohon Ɗan Wasa A Telebijin: Malami Ko Maroƙi?

Duk ran Asabar da la'asar, in an leƙa gidajen kallon ƙwallo na Sabon Badun, ko Agege, ko Idi-Araba, ko Sabon Shagamu, za a tarad da 'yan Arewa cike maƙil a kan bencina. Akwai mai shayi, da mai gadi, da ɗan dako, da mahaucin da ya baro tukubarsa a hannun yaro. Da zarar an tafi hutun rabin lokaci sai a ga wani tsohon ɗan wasa ya bayyana a akwatin telebijin, ya sha kwat, yana ta zuba bayani da Turanci. A nan gardama kan tashi. Wani ya ce ai wannan ya ci zamaninsa, kuɗi ne suka ƙare ya fito neman na cefane. Wani kuwa ya ce a yi shiru a saurara, wanda ya taka fili ya fi kowa sanin abin da ke cikinsa.

Gardamar nan ba ta banza ba ce. Magana ta gaskiya ita ce, tsohon ɗan wasan da ya koma sharhi a telebijin ya yi daidai, kuma ƙasar nan tana bukatarsa a can. Amma fa kujerar da ya hau amana ce, kuma sunan da ya yi a fili bai isa ya riƙe masa ita ba.

Wanda ya fi cancanta a buga misali da shi a nan shi ne Segun Odegbami. Bayarabe ne, amma a Jos ya tashi, a can ya yi makaranta, kana ya gangaro Badun ya yi karatun injiniya, ya kuma yi suna a ƙungiyar IICC Shooting Stars. Watau tafiyarsa irin ta masu karatun wannan shafi ce, daga Arewa zuwa Kurmi. A 1976 yana cikin waɗanda suka doke Tonnerre ta Yawunde, ƙungiyarsu ta zama ta farko daga Nijeriya da ta ɗauko wani kofi na nahiyar Afirka. Ran 22 ga watan Maris, 1980 kuwa, a babban filin wasa na Surulere a Ikko, Green Eagles ta lallasa Aljeriya da ci uku ba ko ɗaya. Odegbami ya jefa biyu kafin a tafi hutu, marigayi Muda Lawal ya cike ta uku, Shugaban Ƙasa Alhaji Shehu Shagari ya miƙa wa kyaftin Christian Chukwu kofin. Dattawan da suka ga wannan rana har yanzu ba su daina ba da labarin lamba bakwai ɗin nan ba.

Ƙwallo 23 ya ci wa Nijeriya. Wasansa na ƙarshe shi ne wanda Zamalek ta Masar ta doke ƙungiyarsa a 1984, yana ɗan shekara talatin da biyu. A wannan shekaru malamin makaranta ko akawun gwamnati bai ma kai rabin aikinsa ba, amma ɗan ƙwallo ya riga ya zama tsoho. Odegbami bai zauna yana jiran a tuna da shi ba. Ya shiga shirya shirye-shiryen wasanni a telebijin yana gabatad da su da kansa, ya riƙe alƙalami yana rubutu a jaridu shekara da shekaru, ya kafa makarantar karatu da wasanni a Wasimi ta Jihar Ogun, daga baya kuma ya buɗe gidan rediyon wasanni. Da yawa daga samarin da ke jin sunansa yau ba su taɓa ganin ya taɓa ƙwallo ba. Ta bakinsa da alƙalaminsa suka san shi.

Masu cewa neman abinci ne ya kai irinsu telebijin sai su tsaya su duba abin da kan sami wanda bai sami inda zai dafa ba. Rashidi Yekini, haifaffen Kaduna, wanda ya ci wa Nijeriya ƙwallonta ta farko a gasar cin kofin duniya a 1994, ya ƙare kwanakinsa a Badun ba a cika jin ɗuriyarsa ba, har Allah ya yi masa rasuwa a 2012 bai kai shekara hamsin ba. Shi kansa Chukwu da ya ɗaga kofin 1980, sa'ad da ciwo ya kwantad da shi a 2019, sai da wani attajiri ya ɗauki nauyin maganinsa a Ingila. To, in mutum ya sami sana'a ta halal wadda ta dace da abin da ya sani, ina abin gori a ciki? Wanda ya baro Sakkwato ko Katsina ya zo Kurmi neman halaliyarsa shi ne ya kamata ya fi kowa fahimtar wannan.

Bayan haka, akwai abin da tsohon ɗan wasa ke gani wanda ɗan kallo ba ya gani. Kamara ƙwallo take bi, ɗan yankin fili kaɗan take nunawa. Ɗan kallo ya ga an ci, sai ya hau mai tsaron gida da zagi. Wanda ya buga lamba bakwai shekara goma ya san tun can baya aka yi ɓarnar, lokacin da lamba uku ya biyo ƙwallo tsakiya ya bar gefensa a buɗe. Ya san dalilin da ya sa ɗan gaba kan ruga inda babu ƙwallo, don ya janye mai tsaron baya ya buɗe wa wani hanya. Ya san abin da ke samun ƙafar yaron da ya kwana a mota daga Maiduguri zuwa Fatakwal idan wasa ya kai minti saba'in. Ya san yadda zuciya ke yi in an ajiye ƙwallo za a buga fenariti mutum dubu hamsin suna ihu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In ya buɗe baki ya koyad da wannan, ɗan kallo zai tashi da ilmin da bai zo da shi ba, kuma zage-zage da jifar alƙalin wasa za su ragu.

Amma akwai sharaɗi uku, kuma a nan ne da yawa ke tuntuɓe.

Na farko, magana a gaban jama'a sana'a ce mai zaman kanta, koyonta ake yi. Marigayi Ernest Okonkwo na Rediyon Nijeriya bai yi suna a matsayin ɗan wasa ba, amma a zamaninsa mutane kan rage muryar telebijin su kunna rediyo don su ji shi. Shi ya raɗa wa Odegbami laƙabin Mathematical, watau mai wasa da lissafi, ya kuma kira Chukwu da Chairman. Ya rasu tun 1990, amma laƙaban suna nan. Wannan ya nuna iya ƙafa daban, iya baki daban. A Ingila, Gary Lineker ya bar wasa a 1994, bai karɓi babban shirin ƙwallo na BBC ba sai a 1999, bayan ya yi shekaru yana koyon aikin, sa'an nan ya riƙe shi har 2025. Tsohon ɗan wasan da zai shigo ɗakin shiri bai san sunayen 'yan wasan ba, bai kalli wasansu na makon jiya ba, sai dai ya riƙa cewa a zamaninsu ba haka ake yi ba, ya ci amanar wanda ya biya kuɗin shiga gidan kallo.

Haka kuma iya sharhi ba shi ne iya horad da 'yan wasa ba. Sunday Oliseh ya yi suna wajen fayyace wasa a tashar SuperSport, aka ba shi riƙon Super Eagles a watan Yuli na 2015, kafin ƙarshen Fabrairu na 2016 ya ajiye aikin. Kowace sana'a da nata nauyin. Wanda ya zaɓi sharhi ya riƙe shi tsakani da Allah, kada ya mai da shi tsanin hawa wani muƙami.

Wannan ya kai ga sharaɗi na biyu, wanda ya fi duka wuya, watau faɗar gaskiya. Mai horad da ƙungiyar da ake magana a kanta wataƙila abokin ɗakinsa ne a sansani. Shugabannin hukumar ƙwallo su ne masu raba kujerun kwamiti da tikitin jirgi. Mai sharhin da ke hangen waɗannan, harshensa a ɗaure yake. In an ci sai kirari, in an sha kashi sai ya ce sa'a ce ba a yi ba. Wannan aikin maroƙi ne, kuma maroƙi ba ya zagin mai ba shi riga.

Alhali kuwa akwai tambayoyin da ke jiran amsa. A 2014, a Barazil, 'yan wasan Nijeriya sun ƙi fita atisaye kafin wasansu da Faransa saboda rigimar kuɗin lada. A watan Maris na 2022 Ghana ta zo har Abuja ta yi kunnen doki, ta hana Nijeriya zuwa gasar cin kofin duniya ta Ƙatar. A watan Nuwamba na 2025, a Rabat ta Maroko, aka sake ƙin fita atisaye saboda bashin haƙƙoƙi, kwanaki kaɗan bayan haka Kwango ta Kinshasa ta fitad da Nijeriya a bugun fenariti, aka rasa gasar 2026. Cuta ɗaya tana dawowa bayan shekara goma sha ɗaya. Wa ya fi cancanta ya bayyana wa talaka tushenta in ba wanda ya taɓa zama a sansanin yana jiran haƙƙinsa ba? In shi ya yi shiru, ɗan jaridan da bai taɓa shiga ɗakin sauya kaya ba me zai ce? Kuma wanda ya zauna yana auna aikin wasu, ya shirya a auna nasa, kada ya zama wanzamin da ba ya son jarfa.

Sharaɗi na uku shi ne ya tuna da gida. Yaron da aka haifa a Agege yana iya jero 'yan wasan Arsenal ko Real Madrid har da na benci, amma bai san Mighty Jets ta Jos ce ta ci gasar ƙasa ta farko a 1972 ba, bai san Raccah Rovers ta Kano ta ci a 1978 ba, balle ya san Kano Pillars ta ɗauka sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014. Filin Adamasingba maƙwabcin Sabon Badun ne. Ikenne, gidan Remo Stars da ta ci gasar 2025, tana dab da Shagamu. Duk da haka in ƙungiyar Arewa ta zo wasa, da yawa sun fi son zama gaban akwati su kalli ta Turawa. Odegbami a gida ya yi wasansa duka, a gida ya yi suna. Tsohon ɗan wasan da zai shafe awa biyu yana fayyace wasan Landan, bai ce uffan a kan ƙungiyar da ta fara ba shi riga ba, ya sare reshen da ya hau.

Saura magana ɗaya, wadda ta fi shafar 'yan Arewa mazauna Kudu. Jay-Jay Okocha, da Victor Ikpeba wanda ya zama gwarzon Afirka a 1997, da Daniel Amokachi ɗan Kaduna, duk an sha ganinsu a kan wannan kujera, amma da Turanci. Mai shayin da ke kan benci yana ganin baki yana motsi, rabin maganar ta wuce shi. Hausa kuwa ba ta rasa kalmomi ba. Akwai satar gida, da bugun kusurwa, da bugun tazara, da daga kai sai mai tsaron gida. Sashen Hausa na BBC da gidajen rediyon Kano da Kaduna sun daɗe da tabbatad da cewa ana iya sharhin ƙwallo da Hausa a ji daɗinsa. Tashoshin telebijin na Hausa ma akwai su, irin su Arewa24 da ta fara aiki a 2014. Mutanen da suka san fili kuma ba a rasa su ba. Garba Lawal da Tijjani Babangida da Amokachi, dukansu 'yan Kaduna, suna cikin waɗanda suka ciyo zinariya a Atlanta a 1996. Babangida ne ya jefa wa Afirka ta Kudu biyu a Ikko a shekarar 2000. Ahmed Musa ya ci Ajantina biyu a 2014, ya ci Iceland biyu a 2018. Ilmin da ke kan irin waɗannan mutane dukiya ce, kuma in ba a kwashe ta ba tafiya za ta yi da masu ita.

Saboda haka ya kamata masu gidajen telebijin su nemi tsofaffin 'yan wasa masu jin Hausa, su horad da su yadda ake horad da kowane ma'aikaci, su biya su albashin da zai raba su da jiran hannun hukuma. Attajiran Arewa da ke kasuwanci a Ikko da Badun da Anacha, masu neman inda za su tallata hajarsu, ga kasuwa nan a buɗe. Sarakunan Hausawa da shugabannin matasa na unguwannin Sabo su ma suna da bakin da za su nemi haka, don masu kallon da ke ƙarƙashinsu ba kaɗan ba ne, kuma da kuɗinsu suke kallo.

Su kuwa masu gardama a gidan kallo, sai su sauya abin da suke aunawa. Ba yawan ƙwallon da mutum ya ci a da ne abin dubawa ba, ba kuma tsadar kwat ɗinsa ba. A duba ko an ƙaru da wani abu bayan ya yi magana, a kuma duba ko ya iya faɗar laifin abokinsa a gaban jama'a. In ya yi waɗannan, malami ne, a ba shi girmansa. In bai yi ba, a ƙyale shi a je a sha shayi kafin a dawo daga hutu. Allah ya ba masu riƙe da amana ikon sauke ta, amin.