Baƙin mai ba ya gyara bambar da rana ta ci

A titin da ya taso daga Kwangila ya ratsa Samaru ya nufi Shika, wuraren wankin mota sun fi a ƙirga. Malaman Jami'ar Ahmadu Bello, ma'aikatan asibitin koyarwa, direbobin Golf masu jigilar Funtuwa, kowa na kai tasa. Idan an gama wanki, sai yaro ya tsoma tsumma a wani galan ya bi bamba da tayoyi da robar gefen ƙofa. Nan take su yi baƙi wuluk, suna sheƙi. Oga ya ƙara na goro, ya ja mota yana murna.

Abin da ke cikin galan ɗin, a wurare da dama, baƙin mai ne da aka juye daga inji, wani lokacin ma man birki. Kwana biyu cikin ƙurar hunturu, robar ta kwashi jar ƙasa ta koma ta fi da muni. Man birki kuwa in ya ɗiga a jikin fenti, cin sa yake yi. Ɗora wa yaran laifi ba wuya, amma mai motar da ke son ganin ƙyalli cikin minti biyar, bai kuma son biyan kuɗin aikin awa guda, shi ya koya musu wannan dabara.

Abin da ake neman ɓoyewa da baƙin man shi ne farin da ke fitowa a baƙar roba. Farin nan iri biyu ne, kuma kowanne da maganinsa.

Na farko ragowar folish ne. Man goge fenti na ɗauke da kaki, galibi na wata giginyar Barazil da ake kira carnauba, wasu kuma har da farar ƙasa mai laushin gaske. A kan fenti mai santsi yana gogewa tas. Ita kuwa robar bamba da ta ƙasan gilashin gaba kurzunu-kurzunu gare ta, sai kakin ya shige ramukan ya bushe, ya bar zane fari daidai inda hannun mai gogewa ya zarce. Wannan ba lahani ba ne, datti ne. Tsohon burushin haƙori da ruwan sabulu mai ɗumi suna fitar da shi. In ya yi taurin kai, abin goge fensir na 'yan makaranta ko ɗan sifirit na kemis a farin tsumma ya isa. Masu shafa man gyaɗa ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba, don mai na narkar da kaki, sai dai in ba a bi shi da sabulu ba ya zama tarkon ƙura shi ma. Da an manna tef ɗin takarda a bakin robar kafin a fara folish, da ba a sha wahalar ba.

Na biyu shi ne aikin rana, kuma nan gizo ke saƙar. Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975 bambar ƙarfe gare ta. Motocin da suka biyo baya mafi yawa bambarsu ta polypropylene ce, wato dangin robar kujerun biki. Duk wanda ya taɓa barin kujerar roba a tsakar gida shekara guda ya ga yadda take koɗewa, ta yi gari a sama, wata rana ta karye da mutum. Haka hasken rana ke tsinka ƙwayoyin saman bamba. Motar da aka ƙera don sanyin Jamus, ta shigo ta Kwatano, ta wuni a filin ajiye motoci na Shika cikin zafin Maris da Afrilu, ba ta da mafita. A ƙara da garin Omo da ake wanke ta da shi, wanda ke kwashe duk ɗan maiƙon kariya da aka shafa.

Wasu na bin robar da zafin wuta. Baƙin kan dawo, amma na ɗan lokaci ne, kuma maimaitawa na busar da ita har ta fara tsagewa. Abin da ke ɗorewa shi ne a wanke ta ta fita fes, ta bushe, sannan a sa rinin roba na musamman, ko a kai wa fenta ya fesa mata share fage na roba kafin baƙin fenti, domin fenti tsura ba ya kama polypropylene, ɓarewa yake yi. Shagunan kayan mota na Sabon Gari ne wurin tambaya, a kuma karanta jikin gwangwani kafin a biya. Rumfar kwano ko rigar mota kuwa tana kare robar daga rana tun farko.

Mai sayen mota ya fi kowa bukatar sanin wannan. Dillali ba zai jera motar da bambarta ta yi furfura ba, sai an shafe ta da safe. Mai saye ya goga farar takarda a kusurwar bamba. In ta fito da maiƙo, ya nemi a wanke wurin da sabulu a gabansa, a jira ya bushe, sannan a fara ciniki.